Rahotona ne ya rufe reshen Miga, Malamina bai sani ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure mai albarka. Admin, don girman Allah ka ɗora min wannan saƙo ka cire sunana da hotona, don akwai abokan aikina a cikin gidan nan. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan, har nakan sa baki wani lokaci, ban taɓa zaton ni ma zan zo da tawa ba. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe. Na san wasu za su zage ni, kuma ba zan ce ban cancanta ba.

Ni magidanci ne, shekaruna sun kusa arba'in, mata ɗaya da yara huɗu. Asalina mutumin wani ƙauye ne kusa da Aujara, aiki ne ya zaunar da ni a Dutse. Ina aiki a wata jami'ar gwamnati da ba zan faɗi sunanta ba, ba koyarwa nake yi ba, ɓangaren mulki nake, a ofishin da ke kula da rassan jami'ar na wajen gari. Sai na ɗan yi muku bayanin yadda tsarin yake, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na aikata ba.

Uwar jami'a tana Dutse, a nan shugabanni suke, a nan sassa suke, a nan malamai suke zaune. Sai rassa guda uku da aka buɗe saboda masu karatun ƙarshen mako, ɗaya a Garki, ɗaya a Aujara, ɗaya a Miga. Reshe ba wani katafaren wuri ba ne, azuzuwa ne aka ara a makarantar sakandare, da ofis ɗaya, da kodineta da akawunsa da maigadi. Ranar Asabar da sassafe motar jami'a ke kwasar malamai daga Dutse ta kai su, su koyar, su kwana, su ƙarasa Lahadi su dawo. Reshe ba ya ɗaukar ɗalibi da kansa, ba ya tsara jarrabawa, ba ya fitar da sakamako. Tambayoyi daga Dutse suke zuwa a manne cikin ambulan, takardun amsa kuma Dutse suke komawa a yi musu maki, digirin da za a ba mutum iri ɗaya ne da na wanda ya yi a cikin uwar jami'a. Sannan ba kowane kwas ake yi a kowane reshe ba, majalisar jami'a ce ta raba musu, Garki aikin gona, Aujara lafiyar al'umma, Miga fannin koyarwa. Kodineta yana ƙarƙashin daraktanmu, darakta yana ƙarƙashin mataimakin shugaban jami'a, shi kuma ya kai gaban majalisa. Manyan nan da ke yanke hukunci yawancinsu ba su taɓa taka Miga ba. Abin da takarda ta gaya musu shi suka sani, takardar kuwa ta teburina take bi.

Kodinetan Miga malamina ne, zan kira shi Malam Haruna duk da ba sunansa ba ne. Shi ya koya min lissafi a ƙaramar sakandare. Da na gama aji uku mahaifina ya ce karatu ya isa haka, in dawo gona tunda yayana ya tafi ci-rani. Sau uku Malam yana hawa babur ya zo ƙauyenmu a kan maganar. Zuwa na uku bai tarar da Baba a gida ba, ya bi shi gona, ya tuɓe babbar riga ya ɗauki fartanya ya kama kunya kusa da shi, suna noma yana magana, har Baba ya yi dariya ya ce ya tafi da ni ya huta. Lokacin jarrabawar fita a zauren gidansa na zauna wata biyu, matarsa Hajiya ke zuba min tuwo tare da 'ya'yanta. Daga baya ya ƙara karatu ya shigo jami'a, da aka buɗe reshen Miga kowa yana gudu saboda hanya, shi ya ce a ba shi.

Sama da shekara biyu da suka wuce Allah Ya yi wa Hajiya rasuwa. Labari ya same ni muna tsakiyar hidimar yaye ɗalibai, na ce zan je sadakar uku, ban je ba. Na ce ta bakwai, wani abu ya taso. Na ce to lallai arba'in, ita ma ta wuce. Ko waya ban yi ba, don ina ganin Malam ya fi ƙarfin ta'aziyyar waya a wurina, sai dai in je da ƙafata. Daga nan sai kunya ta shigo, kullum tana ƙara nauyi. Duk ranar Laraba Malam yana zuwa Dutse ya kawo takardun reshensa, ni kuma duk Laraba sai in ƙirƙiri wani aiki a wani ofis, in bar wa abokin aikina sallahun ya karɓa. Haka muka shekara da wani abu, ina hango shi ina canja hanya.

Ana nan sai magana ta taso daga sama cewa rassa uku sun yi wa jami'a yawa. Motoci sun tsufa, malamai suna ƙorafin kullum ƙarshen mako suna kan titi, don haka za a dakatar da ɗaya a mayar da ɗalibansa Dutse. Darakta ya kira ni ya ce in zagaya duka ukun in ga halin da suke ciki in rubuto rahoto. Garki na je ranar Asabar, na tarar da azuzuwa cike. Aujara ma Asabar na je, har na ga ƙanwata a aji, autarmu, wadda ke karatun lafiya a can. Saura Miga. Na san sarai Asabar ake karatu, amma na san in na je Asabar dole mu haɗu da Malam ido da ido, a garin da aka binne Hajiya. Sai na zaɓi Laraba, ranar da na tabbata yana Dutse. Direba ma sai da ya ce min, “Yallaɓai, yau fa Laraba ce, wa za mu tarar?” Na ce masa gini za mu duba.

Watan Agusta ne, ruwa ya kwanta a gefen hanya tun daga bayan Jahun, 'yan sakandaren da muke aron azuzuwansu kuma suna dogon hutu. Muka isa makaranta shiru, ciyawa ta kai gwiwa, ƙofofi a kulle, awaki sun fake a baranda. Maigadi ne kawai, wani dattijo, na durƙusa na gaishe shi. Da na gaya masa daga jami'a nake sai ya ce, “Ɗana, ai da Asabar ka zo. Benci ba ya isar su, matan nan da tabarmarsu suke zuwa su shimfiɗa a baranda, masu goyo su kwantar da jarirai a gindin darbejiyar can.” Na ce masa to Baba, in Allah Ya yarda zan dawo. Na ɗauki hotuna da waya, muka juyo. Ban koma ba.

Akwai kuma wani abu da na sani wanda manya ba su sani ba. Ɗalibai a intanet suke rijista, Miga kuwa sabis sai a hankali, kuma yawancin ɗaliban malaman firamare ne na ƙauyuka da matan aure. Malam yakan rubuta su a wani babban littafi, ya riƙa kawo sunayen Dutse kaɗan-kaɗan ana shigarwa a kwamfuta, wani lokaci sai zango ya yi nisa ake gamawa. A lokacin da na zauna rubuta rahoto kwamfuta tana nuna ɗalibai 'yan ƙalilan ne a Miga. Na kwafi abin da ta nuna, na jera hotunan, na rubuta cewa an kai ziyara a watan Agusta ba a tarar da ɗalibi ko malami ba. Ban sa rana ba. Wallahi babu ƙarya ko ɗaya a cikin kalmomin, kuma shi ne ya fi ci min rai, don na san abin da na bari ban faɗa ba. Na gaya wa kaina ai kwamitin da zai yanke hukunci zai kira Malam ya yi bayani, gaskiya za ta fito ba sai ta bakina ba. Darakta ya karanta sama-sama ya sa hannu, rahoto ya fita da sunansa.

Ranar zaman kwamiti ni aka sa in kula da majigi. Na zauna can baya, aka kira kodinetoci ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Miga na danna, sai ga awakin nan a jikin bango, wasu suka yi dariya. Malam ya miƙe da littafinsa a hannu ya ce, “Ranku ya daɗe, wannan ba ranar karatu ba ce, ga sunayen ɗalibaina nan.” Shugaban zaman ya ce kowane kodineta haka yake cewa, su abin da kwamfuta ta nuna za su bi, kuma ya yi daidai da hotuna. Minti biyar aka ba shi. Ina zaune, yatsana a kan na'ura, kalma huɗu kawai zan faɗa, ranar Laraba na je, amma sai na danna hoto na gaba. Aka dakatar da reshen Miga na shekara guda, da sharaɗin in shekara ta cika za a sake zama a tabbatar da rufewar ko a janye.

Da a ce Aujara aka mayar da ɗaliban da abin ya zo da sauƙi, amma ba a yin fannin koyarwa a can, dole sai Dutse. A Dutse kuma tun Juma'a da yamma ake fara lakcar masu ƙarshen mako, ke nan kwana biyu mutum zai yi a waje. Maza da yawa sun jure. Mata kuwa, bayan wata ɗaya suka fara zuwa cike fom ɗin jingine karatu, kuma teburina ake kawo shi. Akwai wadda ba zan manta ba, Malama Dije, malamar firamare ce a wata ruga bayan Miga, zango ɗaya ya rage mata ta gama. Mijinta yana bin shanu, surukarta tana kwance da shanyewar ɓarin jiki, ita ke juya ta. Da tana barin gida da safe ta dawo kafin magariba. Yanzu sai ta hau babur zuwa Miga, ta shiga mota zuwa Jahun, ta sake wata zuwa Dutse, da goyo. Sau uku ta gwada. Ranar da ta zo ofis ta ce min, “Yallaɓai, a ina zan sa hannu?” Na nuna mata. Ta sa, sannan ta tsaya tana gyara goyonta ta ce, “An ce an turo mutum ya duba mu ya tarar ba kowa. Shekara uku ban taɓa fashin Asabar ba, ranar da na haifi wannan ma da safe ina aji. Ban san ina muka shiga da bai gan mu ba.” Sai na ji bakina yana cewa Allah Ya sa haka ne ya fi alheri. Ta ce amin, ta yi min godiya ta fita. Godiya fa, jama'a. Kuma a dokar jami'a jingine karatu yana da iyaka, in wa'adi ya wuce ba ta dawo ba sunanta zai fita, shekara ukunta ta tafi.

Shi kuma Malam aka dawo da shi Dutse ba tare da wani takamaiman aiki ba, babu ofis, sai aka sa masa tebur a kusurwar ofishinmu, yana fuskantar nawa. Ranar farko ba inda zan gudu. Na tashi na je na durƙusa na ce, “Malam, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Hajiya.” Ya riƙe hannuna ya ce, “Amin, amin. Tashi mana. Ai na san hidima ce ta yi maka yawa. Ita ma takan tambaye ka.” Shi ke nan. Abin da na fi shekara ina guje wa ko minti ɗaya bai ɗauka ba, kuma saboda shi na rufe wa mutane makaranta. Tun daga ranar kullum tare muke tafiya sallar azahar. In ɗalibansa sun zo da matsala sai ya nuna ni ya ce su je wurin ɗansa, shi ne namu a nan.

Da abin ya ishe ni na gaya wa matata. Ta yi kwana biyu ba ta sake min fuska ba, ta ce ita ba rufe makarantar ne ma ya fi ba ta mamaki ba, yadda nake iya bin bawan Allahn nan sahu ɗaya kullum ne. Ra'ayinta in je gidansa in faɗa masa komai, abin da ya yanke shi ke nan. Yayana kuma da na je gida na ba shi labari, faɗa ya rufe ni da shi, ya ce kada in kuskura, in yi istigfari in yi shiru, in taimaki matan ta wata hanya. Ya tuna min abin da nake ta kauda kai daga gare shi, wato ba a fasa rufe reshe ɗaya ba, in aka buɗe Miga to wani za a rufe, kuma Garki ta fi ƙarfin a taɓa ta, saura Aujara. Ƙanwarmu tana aji biyu, mijinta ya rasu, da yara uku take zaune a gidanmu, karatun nan shi ne abin da ta riƙe. Ya ce in na yi magana, mutanen Miga za su ce da gangan na yi don in tsare reshen garinmu, mutanen Aujara kuma su ce ɗansu ne ya rufe musu. Muka rabu ba daɗi. A hanyar dawowa na yi ta tambayar kaina, shin kunyar Malam ce kaɗai ta kai ni Laraba, ko kuwa fuskar ƙanwata da na gani a aji ma tana ciki? Har yau ba zan iya rantsuwa a kan amsar ba.

Na gwada daraktan ma. Na shiga na rufe ƙofa na gaya masa ranar da na je. Ya ce sunansa ne a kan rahoton ba nawa ba, 'yan watanni suka rage wa'adinsa ya ƙare, bai taɓa karɓar takardar tuhuma ba a rayuwarsa, in na ɗaga maganar ni da shi za mu gurfana gaban kwamitin ladabtarwa, kuma ni ne ƙarami, ni za a fi ji wa ciwo. Ya ce bai ji abin da na faɗa ba, in koma bakin aikina. Shi ma mutumin kirki ne, amanar da ya ba ni ce ta jawo masa.

Yanzu shekara ta cika, nan da sati biyu kwamiti zai zauna a yanke hukunci na ƙarshe. Malam ya kwashe watanni yana shirya ƙorafi, ya tattara takardun halartar aji na shekara uku, ya bi ƙauyuka a babur yana karɓar sa hannun ɗalibai. Shekaran jiya bayan azahar ya miƙo min rubutun hannunsa ya ce in buga masa, don idonsa ba ya jure kwamfuta. Ya ce hujja ɗaya ta rage masa. Ya je Miga ya ga Baba maigadi, dattijon ya gaya masa ranar Laraba aka zo da motar jami'a, amma maganar maigadi ba za ta shiga kunnen kwamiti ba sai da takarda. A ofishin direbobi akwai littafin da ake rubuta kowace fita, rana da wuri da sunan wanda aka ɗauka, shi ba za a nuna masa ba, ni za a nuna min. Ya ce, “Ka duba min, ka cike wurin da na bari.” Sai ya ƙara da cewa, “Baba ya ce yaron mai ladabi ne, har ƙasa ya gaishe shi. Ban tambaye shi kamanninsa ba.” Ya faɗi haka yana neman takalminsa a ƙofar masallaci, bai kalle ni ba. Ban sani ba ko ya gane ne yake ba ni dama in faɗa da bakina, ko kuwa har yanzu bai kawo ni a ransa ba. Kowanne ne ciwo yake min.

Na buga takardar jiya, shafi huɗu, na gyara masa kurakurai, na bar layi biyu fari, na rana da na suna. Ba sai na je ofishin direbobi ba, na san abin da ke cikin littafin.

To 'yan uwa, ga inda nake. In na cike gaskiya, wataƙila a buɗe Miga, Malama Dije da sauran su ƙarasa, amma zan iya rasa aikina ko a rage min matsayi, in ɓata wa darakta suna a ƙarshen aikinsa, kuma wataƙila ƙanwata da matan Aujara su shiga halin da na jefa na Miga. In na ce ban samu littafin ba, wannan karon ƙarya ce tsagwaronta, kuma Malam zan yi wa. Shin in fara zuwa gidansa kamar yadda matata ta ce, ko in rubuta wa kwamiti kai tsaye? Akwai hanyar da zan faɗi gaskiya ba tare da na ja darakta ba? Masu aiki a jami'a da ke cikin gidan nan, kun taɓa ganin an janye hukunci irin wannan ba a rufe wani reshen a madadinsa ba? Malaman addini kuma, istigfari zai wadatar alhali waɗanda na cuta suna raye, kuma har yanzu ana iya gyarawa?

Don Allah kada ku ce min in yi addu'a kawai, ina yi. Ranar Litinin da safe Malam zai miƙo hannu ya karɓi takardarsa. Me zan rubuta a layin nan?